Kada ka ƙone kututturen gonarka

Rediyo na yawan kawo mana labarin canjin yanayi da gurgusowar hamada. Manyan ƙasashe suna taro a kan batun kowace shekara. Manomin Dakoro kuwa ba ya bukatar a gaya masa. Da idonsa yake ganin iskar farkon damana tana binne shuka da rairayi, har sai ya sake shuka sau biyu ko sau uku. Mutane da yawa suna cewa abin ya fi ƙarfin talaka, sai dai gwamnati. Ni ban yarda ba, kuma hujjata tana nan cikin jiharmu ta Maraɗi.

A da, wanda ya share gonarsa fes, bai bar ko tsiro ɗaya ba, shi ake kira manomin kirki. Bayan farin 1973 gonaki suka zama fili, iska ta samu hanya. An kashe kuɗi masu yawa wajen dashen itatuwa, amma mafi yawansu suka mutu saboda ƙishirwa da awaki.

A shekarar 1983, wani malamin gona ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya lura da wani abu. Tsiron da muke sarewa kowace shekara lokacin sassabe, ashe daga kututturen tsohon itace yake fitowa. Saiwarsa tana da rai, ta riga ta yi nisa cikin ƙasa. Ba ta bukatar ban ruwa. A bar ta kawai ta yi aikinta.

A yunwar 1984 aka ba manoma abinci don su gwada. Da taimakon ya ƙare, da yawa suka sare itatuwan. Wasu kuma suka bar nasu. Maƙwabta suka ga gonakin nan sun fi riƙe shuka, suka kwaikwaya, gani ya kori ji. Wannan shi ne sassaben zamani. Daga baya masana suka duba hotunan tauraron ɗan'adam, suka ƙiyasta cewa itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo a ƙasar Suwidin. Ya cancanta, amma adda da gatari na manoma ne.

Ga yadda ake yi. Idan ka je sassabe, ka tsaya a kan kututturen kalgo, ko sabara, ko aduwa, ko magarya. Ka zaɓi rassa uku zuwa biyar da suka fi ƙarfi da miƙewa, ka sare sauran. Waɗanda ka bari, ka rage masu ƙananan rassa daga ƙasa zuwa rabin tsayinsu. Addarka ta zama mai kaifi, ka yi sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Ka ɗaura tsumma, kowa ya san da mai shi.

Wani zai ce inuwa tana hana hatsi. Ka dubi gawo. Da damana yake zubar da ganyensa, ganyen ya zama taki, rana ta samu shuka. Da rani kuma ƴaƴansa su ciyar da dabbobi. Rassan da aka rage su ne itacen girki, uwargida ta huta da tafiya mai nisa da goyo a baya. Wannan ma lafiya ce.

Kowane itace yana shan gurɓatacciyar iskar da ke ɗumama duniya. Gaskiya ce, ba mu muka cika sama da hayaƙi ba. Masu masana'antu da motoci sun fi mu laifi nesa ba kusa ba, kuma ya kamata su biya. Amma ba za mu zauna jiransu rairayi ya cinye mana gona ba.

Abin da ya fi kashe wa manomi jiki shi ne ya raini itace shekara uku, wani ya zo da dare ya sare. A Dakoro, inda gonaki suka haɗu da makiyaya a kwarin Tarka, dole a yi maganar nan a fili. Mutanen Ɗan Saga, a yankin Agye, sun kafa kwamitin tsaron itatuwa, suka sa mata da makiyaya a ciki, suka yanke tara ga mai sata. Makiyayi da aka yi shawara da shi ya san inda zai sassaki ganye ba tare da ya kashe itacen ba. Kafin sassaben bana, mai gari ya tara jama'a a yi irin wannan yarjejeniya. Kai kuma ka fara da kututture goma a gonar da ta fi kusa da gida.