Mai Doguwar Jinya Yana Buƙatar Fiye Da "Sannu"

Akwai bayin Allah a cikin al'umma waɗanda ciwo ya zame masu abokin zama. Daga cikinsu akwai masu amosanin jini, wato sikila, cutar da Nijeriya ta fi kowace ƙasa a duniya yawan jariran da ake haifa da ita. Akwai ɗan acaɓan da ya yi haɗari, aka yi ɗori, ƙashi ya haɗe amma zogi ya ƙi tafiya. Akwai ɗan dakon da bayansa ya riƙe tun yana saurayi. A wurin likitoci, duk ciwon da ya haura wata 3 ya zama ciwo mai daɗewa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware masa babi a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022.

Abin da aka fi gafala da shi shi ne ɓarnar da irin wannan ciwo ke yi wa zuciya. Barci ya ƙaurace, sana'a ta tsaya, masu dubiya su zo sati ɗaya, biyu, sannan su ɗauke ƙafa. Sai mutum ya soma ganin ya zama kaya a wuyan danginsa. In ya buɗe baki ya koka, sai a ce ba shi da tawakkali. Alhali kuwa damuwa tana ƙara zafin ciwon kansa. Tun 1965 wasu masana biyu, Melzack da Wall, suka bayyana cewa saƙon zafi yana bi ta laka kafin ya isa ƙwaƙwalwa, kuma ƙwaƙwalwa tana iya buɗe masa hanya ko ta tsuke ta. Tsoro da rashin barci suna buɗe hanyar. Mai tsoron motsi kuma jikinsa yakan ƙara rauni, raunin ya ƙara ciwo, ciwon ya ƙara baƙin ciki.

A nan ne magani ta hanyar zantawa yake shigowa. Majinyaci yakan zauna da ƙwararren masanin halayyar ɗan'adam, galibi sau ɗaya a mako har tsawon wasu makonni. Tare za su zaƙulo tunanin da ke karya masa gwiwa, irin su "tawa ta ƙare", su auna shi da gaskiyar lamari. Za a koya masa rarraba aiki kaɗan-kaɗan, don kada ya ƙure kansa ranar da ya ji sauƙi ya kwanta kwana uku. Za a koya masa sassauta numfashi da gyara lokacin barci. Wannan ba ya maye gurbin maganin asibiti, ba ya kuma kawar da ciwon ɗungurungum. Abin da bincike ya nuna shi ne yana rage ƙunci, yana taimakon mutum ya koma harkokinsa.

Masu ganin abin baƙo ne ga Musulmi su tuna da Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya. A littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus ya yi bayanin yadda jiki da rai ke cutar da juna, da yadda ake magance mugun tunani da kyakkyawa. Neman magani bai taɓa warware haƙuri ba.

Sakaci da wannan yana da mummunan sakamako. Saurayin da bai sami mai saurarensa ba yakan sami mai sayar masa da tramol. Haramta maganin tari mai kodin da gwamnati ta yi a 2018 bai cire ƙuncin da ke tura matasa shaye-shaye ba.

Saboda haka lallai 'yan uwa matasa su tashi tsaye. Dubiya ta ɗore bayan watan farko. A saurari majinyaci kafin a yi masa wa'azi. Wanda aka ga ya daina barci, ya janye daga mutane, ko yana ambaton gara mutuwa, a raka shi wurin likita ba tare da jinkiri ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, kuma zuwa can ba hauka ba ne. Masu karatun fannin lafiya kuma su dubi wannan ɓangare, domin ƙwararrunsa sun yi ƙaranci ainun.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.