Raddi ga masu cewa yafiya ragwanta ce

Tun ranar 12 ga Mayu 2022, da aka kashe Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, wata magana ke yawo a bakin wasu samarin ikkilisiya daga Sakkwato har Boɗinga: wai haƙuri ne ya jawo wa Kirista raini. Hujja uku suke kafawa.

Ta farko, wai wa'azin yafiya ya haramta fushi. 'Yan'uwa, a wace aya? Almasihu da kansa ya kifar da teburan 'yan canji a Haikali. A Afisawa 4, Bulus bai hana fushi ba, iyaka ya yi masa, kada a kwana da shi. Wanda ya ji labarin Deborah bai ji ransa ya ɓaci ba, shi ya kamata fasto ya zauna da shi.

Ta biyu ta fi nauyi, wai wanda ya yafe ya janye ƙara. Nan aka cakuɗa abu biyu. Romawa 12 ta karɓe ramuwa daga hannun wanda aka zalunta, sura ta 13 kuma ta ɗora hukunci a wuyan hukuma. Bulus ɗin nan, da aka yi masa bulala a Filibi ba shari'a, ƙin fita kurkuku a ɓoye ya yi, sai da mahukunta suka zo da ƙafarsu suka ba shi haƙuri. Bayan kisan Deborah, Bishop Matthew Hassan Kukah ya nemi a kwantar da hankali, ya kuma nemi a hukunta masu laifi, a sanarwa guda. Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ma ya la'anci kisan. Cewa mutum biyu kacal aka gurfanar abin kunya ne, amma kunyar ta hukuma ce, a can za a bi bashin.

Ta uku, wai da an rama sau ɗaya da an ji tsoro. A rama kan wa? A Boɗinga, wanda hannunka zai kai gare shi mai shayin bakin tasha ne, wanda ke zuba maka bashi har ƙarshen wata, bai taɓa taka kwalejin ba. Ranar 14 ga Mayu, da garin Sakkwato ya rikice har Gwamna Tambuwal ya sa dokar hana fita ta awa 24, majami'u da shagunan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba aka farfasa.