Balbela ɗaya, suna biyu

A 2023 eBird ya raba balbela gida biyu, ta yamma da ta gabas. A 2024 kuma sunan tamu ta Afirka ya koma Ardea ibis daga Bubulcus ibis. Rumbun bayanan da ke ƙirga tsuntsaye da suna zai nuna ta sau biyu, a ɗauka nau'o'i sun ƙaru. A ganina goge tsohon suna kuskure ne. A ba kowane nau'i lamba ɗaya ta dindindin, a rataya mata sunayensa duka, har na Hausa.

Gurbin da babu cikakken suna ya fi wuya. Wanda ya rubuta "shaho" kawai bai faɗi wanne ba. A bar shi haka, kada a cike da ƙiyasi, domin da waɗannan alƙaluma ake zaɓar dajin da za a kare.