Hasken da ke ratsa tufafi, amma ruwa ya gagare shi



Idan ta tashar FM muryata take iso muku, igiyar da ta ɗauko ta tana kaɗawa kusan sau miliyan 100 a daƙiƙa guda. Ku ninka wannan sau 10,000, za ku sami tiriliyan ɗaya. Wannan zangon shi ake kira terahaz, kuma ya ci sunan Heinrich Hertz, Bajamushen da ya tabbatar da samuwar igiyoyin rediyo a 1887. Mazauninsa na tsakanin igiyar da ke ɗumama abinci a maikurowef da hasken zafin nan da ido ba ya gani.

An daɗe ana kallonsa ba a ci moriyarsa ba. A wancan lokacin kayan lantarki ba sa iya cim ma saurinsa, na'urorin leza kuma sun zarce shi. Sai a 2002 masu bincike a birnin Pisa na Italiya suka ƙera ƙaramar leza mai fitar da shi, ita ma ba ta aiki sai an sanyaya ta matuƙa.

Me ya sa ake shan wannan wahala? Saboda yana ratsa tufafi da takarda da kwali da roba, kuma ba shi da ƙarfin illata ƙwayoyin jiki irin na hasken eksire da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Ga misali, a ranar 1 ga Fabrairu 2003 kumbon Columbia na Amurka ya tarwatse a hanyarsa ta dawowa duniya, 'yan sama jannati bakwai suka rasa rayukansu. Sanadin kuwa guntun soso ne da ya ɓalle daga jikin tankin mai lokacin tashi, ya bugi fiffiken hagu. Bayan nan hukumar NASA ta koma haska wannan soso da terahaz, don gano ramukan iska da ke ɓoye a ciki tun kumbo yana ƙasa. Masu haɗa magunguna na auna kaurin rufin ƙwaya da shi ba tare da sun fasa ta ba. A 2016 kuma, masana a jami'ar MIT suka yi amfani da shi suka karanta haruffan da ke kan takardu tara a jere, ba su ɗaga ko ɗaya ba. Da na ji wannan, zuciyata ta tafi kan tsofaffin kundayen Timbuktu da na Kano, waɗanda takardunsu suka yi rauni har mai buɗewa yana fargaba. Takarda tara ba kundi ba ce, amma an kama hanya.

Sai dai ƙarfe yana mayar da shi, ruwa kuma yana shanye shi. Ko danshin da ke cikin iska ya isa ya raunana shi kafin ya yi nisa. Shi ya sa masu nazarin taurari da ke son kama shi daga samaniya suka hau tudun Chajnantor a hamadar Atacama ta ƙasar Chile, mita 5,000 sama da teku, suka kafa farantan hangen nesa 66 na cibiyar ALMA inda iska ta bushe ƙayau. Masu neman intanet mai tsananin sauri da shi su ma da wannan danshi suke fama.

A nan ne nake so mu tsaya, jama'a. Fiye da rabin jikin ɗan Adam ruwa ne, don haka terahaz ba ya shiga fata ko da milimita ɗaya. Amma a Facebook da WhatsApp ana tallar wata na'ura mai kama da abin busar da gashi, wai tana hura terahaz cikin jiki, tana warkar da ciwon suga, hawan jini, shanyewar ɓarin jiki, har da ciwon daji. Hasken da bai wuce fata ba, ta ina zai isa hanta ko ƙoda? In an ce na'urar tana fitar da terahaz, ai duk abu mai ɗumi yana fitar da shi kaɗan, har da jikinka da tukunyar da ke kan murhu. Abin da mara lafiya yake ji a bayansa iska ce mai zafi. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne dattijon da zai ajiye maganin hawan jininsa saboda 'ya'yansa sun yi karo-karo sun sayo masa wannan na'ura da kuɗin guminsu.