Masu zanen bangon makarantu ya kamata a bai wa aikin littattafan yaranmu

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kwanar Dangora ta nufi Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore ta shiga Doguwa, ya ga aikin masu zane ko da bai kula ba. Yana jikin katangar makarantun kuɗi, inda aka jera haruffa da dabbobi. Yana kan allon shagon aski da na mai gyaran waya, yana bayan manyan motocin da ke lodin masara da rake. Yawanci 'yan yankin ne suka yi shi, kuma wasunsu hannunsu ya faɗa sosai.

To amma shiga ajin farko na irin waɗannan makarantu, ko na firamaren gwamnati da ke kusa, ka nemi littafin labari na Hausa mai hotuna wanda yaro zai riƙe da hannunsa. Da wuya ka samu. Mai zane yana waje yana shafa fenti a rana, yaro yana ciki ba shi da abin kallo sai allo da alli, katanga ce kawai ta raba su.

Mai zane a waɗannan garuruwa ba shi da albashi, lokaci yake bi. Idan za a koma makaranta a watan Satumba, sai masu makarantu su neme shi ya sabunta bango. Bayan kaka, da bukukuwa suka kankama, sai ya koma haɗa katin gayyata a waya da PixelLab ko Canva. Kakar siyasa kuwa ta fosta ce. Da damina ta sauka zai ajiye burushi ya ɗauki fartanya kamar kowa. Wayar da yake aiki da ita rabin yini tana shagon mai caji.

Ciniki kuma kullum iri ɗaya ne: "Ai zane ne kawai, minti nawa zai ɗauke ka?" A ba shi kafin alƙalami, sauran sai an ga hali. Sunansa ba ya fita a ko'ina, sai lambar waya da yake maƙalawa a ƙasan bango da ƙananan baƙaƙe. Abin da ake sa shi ya zana ma ba nasa ba ne. Harafin A na Turanci da tuffa a gefensa, a garin da yaro ya tashi a gindin mangwaro da gwaiba bai taɓa ganin bishiyar tuffa ba.

Littafin yara aiki ne daban da zanen bango, kuma ya fi shi wuya. Galibi shafi 24 ne ko 32, saboda yadda ake naɗe takarda a maɗaba'a. Idan yarinya ce tauraruwar labarin, dole fuskarta ta shafin farko ta zama ita ce a shafin ƙarshe, tana dariya ko tana kuka, ta juyo ko ta ba da baya. Sai an yi zanen gwaji da fensir, marubuci ya duba, a gyara, a bar gurbin da rubutu zai zauna, sannan a zo ga launi. Aikin makonni ne, ba na yini ba, kuma wanda ke jiran kuɗin cefanen yau ba zai iya zama ya yi shi a bashi ba.

Me ya sa za mu damu? Saboda yaron da bai iya haɗa baƙi ba tukuna, hoto yake fara karantawa. Ya ga rumbu, ya san rumbu ne tun kafin malam ya buɗe baki, sai idonsa ya sauka kan kalmar da ke ƙasa ya gane ashe haka ake rubuta ta. Ka ba ɗan Bebeji shafi mai kwalekwale da masunta a madatsar ruwa ta Tiga, ɗan Tudun Wada shafi mai injin casar shinkafa, ɗan Doguwa duwatsun Riruwai inda kakanninsa suka haƙi kuza. Rabin karatun ya riga ya zo da shi daga gida. Wanda zai zana waɗannan daidai shi ne wanda ya san yadda ake jinkar rumbu da yadda mace ke goya ɗa da zane.

Mun taɓa sanin haka. Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, da ta fitar da Magana Jari Ce na Abubakar Imam a ƙarshen shekarun 1930, da hotuna ta fitar da shi, kuma dattawanmu har yau suna tuna wasunsu. Haka Ka Koyi Karatu da 'yan'uwansa. Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da NNPC da ya zo a 1966, sun ɗauki zane a matsayin wani ɓangare na kuɗin littafi. Daga baya adabin kasuwar Kano ya nuna cewa littafin Hausa yana da masu saye, sai dai na matasa da matan aure ne, hoto kuma a bangon littafi ya tsaya. Yara aka bari a baya.

Ƙungiyoyin waje sun ɗan toshe gurbin. Shirin Mu Karanta a Sakkwato da Bauchi, da RANA a Katsina da Zamfara, sun samar da littattafan Hausa masu hotuna, shafin African Storybook kuma yana da labarai kyauta a intanet. Sun yi ƙoƙari. Amma shiri yana da wa'adi, hukumar USAID ta Amurka da ta ɗauki nauyin Mu Karanta ma an rufe ta a 2025. Na intanet kuwa yana cikin wayar uba, uban yana kasuwa. Ga shi a watan Nuwamba na 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da janye tsarin koyarwa da harshen uwa da aka amince da shi a 2022. Ke nan idan ɗan Kiru zai ƙware a karatun Hausa, nauyin ya ƙara dawowa kanmu.

Na san abin da wasu iyaye za su ce game da hoton abu mai rai. Magana ce ta malamai, kuma malamai da dama sun yi sauƙi a kan abin wasa da na koyon yara. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, akwai littafin gona da kasuwa da kayan ɗaki, akwai kuma fasahar zayyana da alarammomi ke ƙawata allon mai sauka da ita, wadda ban ga dalilin da zai hana ta shiga littafin ƙirga ba.

Wasu kuma za su ce manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna fitar da hoto cikin daƙiƙa, kyauta. Gwada ka nemi ƙauyen Hausa. Sau da yawa za ta ba ka yaro da shigar Larabawa a gaban bukkar da ba ta ƙasar nan ba, a shafi na gaba kuma fuskarsa ta canza. Mai zane zai iya amfani da ita ta rage masa aiki, amma sai da idon da ya san abin da ba daidai ba.

Saura kuɗi. Buga launi cikakke yana da tsada, takarda kuma farashinta dala yake bi. Amma launi biyu ya isa littafin farko. Kuma kuɗin ana kashe shi tuni: kowace shekara muna ganin littattafan rubutu da 'yan siyasa ke rabawa, da hotonsu ya cike bango gaba da baya. Kiru da Bebeji suna da ɗan majalisar tarayya, Tudun Wada da Doguwa suna da nasu, ga shugabannin ƙananan hukumomi huɗu, ga gwamnatin jiha da ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. Ɗaya daga cikinsu ya ware kuɗin bugu ɗaya kawai, ya haɗa malamar firamare mai iya tatsuniya da mai zanen garinsu.

Sharuɗɗan su kasance a rubuce: rabin kuɗi kafin a fara, sauran ranar miƙa aiki, wani kaso duk lokacin da aka sake bugawa, sunan mai zane kuma a bangon gaba kusa da na marubuci. Mai girma ɗan majalisa yana iya sa hotonsa a bangon baya, ƙarami, daga ƙasa.