Dokar Mafakar Guguwa A Makarantun Amurka: Ina Labarin Tsofaffin Gine-gine?

Ran 20 ga watan Mayu na shekarar 2013 wata mahaukaciyar guguwa mai juyawa ta ratsa garin Moore da ke Jihar Oklahoma a Amurka, ta hallaka mutum 24. Bakwai daga cikinsu yara ne 'yan makarantar firamare ta Plaza Towers. Malamansu sun yi abin da aka koya musu, watau sun tara yaran a baranda ta cikin gini, nesa da tagogi, amma sai bango ya rufto musu. Ma'aikatar lura da yanayi ta ba da gargaɗi kamar minti 16 kafin guguwar ta sauka ƙasa. Ashe ke nan gargaɗi bai rasa ba. Wurin da za a fake ne babu.

Shekara shida kafin wannan, ran 1 ga watan Maris na 2007, ɗalibai takwas sun rasu ta irin wannan hanya a babbar makarantar garin Enterprise ta Jihar Alabama. A 2010 majalisar dokokin jihar ta kafa doka cewa duk wata sabuwar makarantar gwamnati da za a gina lalle ne a haɗa mata ɗakin fakewa. Jihar Illinois ta bi sahu a 2014. Har ila yau, littafin ƙa'idojin gini da yawancin jihohin ƙasar ke ɗauka ya shigar da wannan sharaɗi a bugunsa na 2015, ga makarantun da ke ɗaukar mutum 50 zuwa sama a yankin da iska kan kai gudun mil 250 a awa ɗaya.

Ya kamata mai karatu ya san cewa ɗakin nan ba kurum ɗaki ne mai kaurin bango ba. Ana jarraba irin bangonsa ta hanyar harba masa katako mai nauyin laba 15 da gudun mil 100 a awa, domin tarkacen da iska ke wurgowa su ne suka fi yin kisa. Ana ɗaure rufin da bango, a ɗaure bangon da harsashi, ƙofofin kuwa na ƙarfe ne masu sakata fiye da ɗaya. Kowane mutum ana lissafa masa fili murabba'in ƙafa biyar. Galibi ba a barin ɗakin a kulle ana jiran ranar masifa, a kan mai da shi zauren motsa jiki ko ɗakin cin abinci ko aji, saboda haka kuɗin da aka kashe yana aiki kullum.

Mu dai a ganinmu waɗannan dokoki abin yabo ne, to amma suna da giɓi babba wanda bai kamata a rufe ido a kansa ba. Sabon gini suka shafa, da ƙarin da aka yi wa tsohon gini a wasu wuraren. Makaranta kuwa ba riga ba ce da a kan sake kowace salla. Ginin da aka yi a 1965 yana iya ci gaba da ɗaukar yara har shekara sittin ko fiye. Yaron da rabo ya kai shi tsohuwar makaranta, doka ba ta san da zamansa ba, alhali kuwa tsofaffin gine-ginen su ne suka fi rauni. Plaza Towers ɗin kanta tsohon gini ce, watau ko da Oklahoma tana da irin dokar Alabama a ranar, da ba ta ceci yaran nan ba.

Abin da ya biyo baya a Oklahoma shi ya fi nuna inda gizo ke saƙa. Iyaye da wasu masu kishi sun nemi a jefa ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a don jiha ta ciwo bashin dala miliyan 500 ta gina mafaka a dukkan makarantu. Aka yi ta jayayya a kan wanda zai biya, jiha ko ƙananan hukumomin ilmi, har maganar ta bi ruwa a 2014 ba tare da an kai ga akwatin ƙuri'a ba. Mutanen Moore, da yake su wuta ta ƙona, sun amince a 2015 su ci bashi da kansu don yi wa makarantunsu mafaka. Gundumar da ke da masu biyan haraji da yawa tana iya yin haka. Ta ƙauye fa? Gaskiya ne hukumar agajin gaggawa ta tarayya, FEMA, takan ɗauki har kashi 75 cikin ɗari na kuɗin aikin, amma sai gunduma ta kawo sauran, kuma kuɗin ba ya isar kowa.

Ma'aikatanmu na ilmi sun san wannan matsala sarai, ko da yake irin waccan guguwa ba ta zuwa mana. Tamu ita ce iskar farkon damina da ke yaye kwanon azuzuwa ta kifar da bangon da aka yi wa ƙwauron siminti. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta tanadi tallafin tarayya ga jihohi muddin sun kawo nasu rabin, kuma an sha ganin kuɗin yana kwance a asusun hukumar UBEC saboda jihohi ba su kawo ba.

Saboda haka muna kira ga duk majalisar da ke shirin rubuta doka a kan lafiyar gine-ginen makarantu, a can ko a nan, da ta sa sharuɗɗa uku cikin rubutun tun daga farko: a binciki kowace tsohuwar makaranta a buga sakamakon kowa ya gani, a yanke shekarar da za a gama gyaran na ƙarshe, a kuma ambaci sunan asusun da kuɗin zai fito, tare da sassauci ga gundumar da ba za ta iya kawo nata kason ba.