SHARHI: Wa Ke Riƙe Da Makullin Zauren Hira?

Jama'a da yawa ba su manta da ran 5 ga watan Yuni na 2021 ba, ranar da aka wayi gari Gwamnatin Tarayya ta sa kamfanonin waya sun toshe Twitter a duk faɗin Nijeriya, bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari. Ba a sake buɗe shi ba sai ran 13 ga watan Janairu na 2022, watau bayan wata bakwai da 'yan kwanaki. A watan Yuli na wannan shekara kotun ECOWAS ta yanke hukunci cewa toshewar ta saɓa wa doka, amma kafin nan 'yan kasuwar da ke tallar kayansu a can sun riga sun sha asara. A lokacin rikicin hukumomin gwamnati sun koma wani dandali na ƙasar Indiya mai suna Koo. Shi ma Koo ɗin ya rufe a watan Yuli na 2024.

Darasin da ke cikin wannan shi ne, duk zauren da mutum ɗaya ke riƙe da makullinsa, ana iya rufe shi dare ɗaya. Wannan ne ya sa wasu masana kwamfuta a Turai da Amurka suka duƙufa wajen gina dandalin zumunta irin wanda ba shi da mai gida guda. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Mastodon, wanda wani matashi mazaunin Jamus, Eugen Rochko, ya ƙirƙiro a 2016. Tsarinsa kamar na gidan waya ne. Mutum yakan jefa wasiƙa a Agege, ta isa Kano, ko da yake ba akwati ɗaya ba ne. Haka nan kowace ƙungiya tana iya kafa tata babbar kwamfuta mai riƙe saƙonnin mutanenta, a ce zaurenta ke nan, sa'an nan zaurukan su riƙa musayar saƙo bisa wata ƙa'ida da ake kira ActivityPub, wadda hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet ta amince da ita a watan Janairu na 2018. In an rufe zaure ɗaya, sauran dubbai suna nan suna hira.

To, amma zaure sai da ƙofar shiga, kuma ƙofar ita ce manhajar da mutum ke buɗewa don ya karanta ya kuma rubuta. A nan ne wani rikicin ya taso. Bayan Elon Musk ya sayi Twitter a kan dala biliyan 44 a watan Oktoba na 2022, sai a watan Janairu na 2023 kamfanin ya datse wa manhajojin da wasu mutane na waje suka gina hanyar shiga, ba tare da gargaɗi ba. Cikin waɗanda abin ya rutsa da su har da Twitterrific, wadda ta fara a kan kwamfutar Mac tun 2007, da kuma Tweetbot. Aikin shekara da shekaru ya tashi a banza cikin mako guda. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Kamfanin Tapbots, mai Tweetbot, bai tsaya kuka ba, ya juya ya gina wa Mastodon wata manhaja mai suna Ivory, ya fito da ta waya, daga baya cikin 2023 ɗin ya fito da ta kwamfutar Mac. Dalilinsu a fili yake: a Mastodon babu wani shugaban kamfani da zai tashi da safe ya kori masu ginin ƙofa gaba ɗaya.

Hanya biyu ake bi wajen gina manhajar kwamfutar tebur. Ta farko ita ce a ɗauki shafin intanet a naɗe shi cikin burauza ɗungurungum, a ba mutum a matsayin manhaja. Abin da aka fi yin wannan aiki da shi sunansa Electron, wanda ke ɗauke da injin burauzar Chromium a cikinsa. Da shi aka yi Whalebird ta Mastodon. Amfaninsa shi ne aiki ɗaya yakan shiga Windows da Mac da Linux. Aibinsa kuwa nauyi, domin kowace manhaja irin wannan kamar an sake buɗe wata burauza ce daban, tana cin ƙwaƙwalwar aiki da batir.

Hanya ta biyu ita ce wadda za a iya kira ɗinkin tela, watau a auna jikin kwamfutar a ɗinka mata daidai da ita, da kayan aikin da aka yi domin ta. Haka aka yi Ivory domin Mac. A wajen Linux akwai Tuba, wadda aka rubuta da harshen Vala domin tsarin GNOME, da Tokodon ta ƙungiyar KDE, wadda aka gina da C++ da Qt. Irin waɗannan sukan tashi da sauri, ba su cika cin wuri ba, kuma sanarwa da maɓallansu sukan yi aiki yadda mai kwamfutar ya saba. Amma rigar da aka ɗinka wa Mac ba ta shiga Windows. Mai son ya gamsar da kowa sai ya yi kusan aiki uku.

Har ila yau akwai wata wahalar da mai gina wa Twitter ko Facebook bai san ta ba. Shi zaure ɗaya yake fuskanta, mai gina wa Mastodon kuwa dubbai. Tilas manhajarsa ta yi rajista da kowane zaure daban kafin mutum ya shiga. Mastodon yakan ba da haruffa 500 ga kowane saƙo, amma wasu zaurukan sun ƙara nasu, saboda haka sai manhajar ta tambayi kowanne iyakarsa. Bugu da ƙari, yawancin manhajojin ba da ActivityPub suke magana da zaure kai tsaye ba, da hanyar da Mastodon ya tsara wa kansa ne. Wasu irin su Pleroma da GoToSocial sun kwaikwayi wannan hanya, amma Misskey na ƙasar Japan yana da tasa. Bluesky, wanda ya buɗe wa kowa da kowa a watan Fabrairu na 2024, wata ƙa'ida dabam yake bi mai suna AT Protocol. Nostr ma tasa daban. Ashe rashin mai gida guda 'yanci ne, amma ya ninka wa magini aiki.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne gishirin maganar. Ivory kuɗin wata ko na shekara take karɓa. Tuba da Tokodon kyauta ne, masu aikin sa kai ke kula da su, kuma kowa yana iya duba yadda aka rubuta su. Kamfanin Apple kuma yakan karɓi dala 99 a shekara daga duk mai son ya sa manhaja a kantinsa. Haɗarin aikin sa kai shi ne gajiya. Ita kanta Tuba daga wata tsohuwar manhaja mai suna Tootle aka tsiro da ita, bayan an daina kula da waccan. Amma a nan ma akwai abin lura: da yake rubutun Tootle a buɗe yake, wani ya ɗauka ya ci gaba. Twitterrific kuwa, ko da masu ita suna da ƙarfi da niyya, ba su da ƙofar da za su bi.

Mai karatu da ke Mile 12 ko Idi-Araba a Ikko, ko Sabo a Badun, yana iya cewa ina ruwansa, tun da wayarsa ta ishe shi. Gaskiya ne yawancin jama'a da waya suke hira. Amma ɗalibai da sakatarorin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu shagon buga takardu da kwamfuta suke aiki, kuma da yawa tsofaffin kwamfutoci ne 'yan kwatano irin waɗanda ake saye a Computer Village ta Ikeja. Kamfanin Microsoft ya daina ba Windows 10 kulawar da aka saba ran 14 ga watan Oktoba na 2025, alhali kuwa tsofaffin injuna da dama ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Mai irin wannan kwamfuta, musamman in ƙwaƙwalwar aikinta ba ta wuce gigabait 4 ba, shi ne zai fi kowa jin bambanci tsakanin manhaja mai nauyi da marar nauyi, kuma shi ne Linux zai fi yi wa rana.

Sai dai kada a ruɗi jama'a. Manhaja komai kyanta ba ta hana gwamnati toshe zauren da mutum ya yi rajista a ciki. Abin da tsarin ya bayar shi ne damar ƙaura: Mastodon yana barin mutum ya koma wani zaure tare da masu bin sa, ko da yake tsofaffin saƙonninsa ba sa bin sa. Kazalika mai kula da ƙaramin zaure shi ma ɗan Adam ne, yana iya rufewa in kuɗi ya ƙare masa. Kuma har yanzu taron jama'a yana Facebook da WhatsApp da X, sunan da aka canza wa Twitter a watan Yuli na 2023. Ɗan kasuwa kuwa inda masu saye suke nan yake kasa kaya.

Duk da haka, idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ƙungiyoyin 'yan Arewa mazauna Kudu, waɗanda duk sanarwar taro da ta rasuwa da ta farashin kaya ke bi ta dandalin kamfani ɗaya, ya kamata su yi tunanin inda za su haɗu ranar da aka sake rufe ƙofa. Samarin da suka karanci kwamfuta kuma suna da aiki a gabansu wanda ba ya bukatar izinin kowa. Tuba da Tokodon suna karɓar fassara daga masu sa kai, kuma duk mai Hausa mai kyau da ɗan haƙuri yana iya zama ya juya kalmominsu zuwa harshensa, da ƙ da ɗ da ɓ ɗinsu daidai.